Rediyo da Taron Minshari

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da kowa ke kira Rediyo. Bakinta ne ya jawo mata sunan. In kyanwar maƙwabta ta haihu, ita ce za ta fara sanar da unguwa. In haƙorin wani ya fita a aji, kafin a tashi duk makaranta ta ji.

Ni dai ban taɓa ganin baki mai sauri irin nata ba. Matsalarta ɗaya ce. Ba ta tsayawa ta ga ƙarshen abu. Da ta hango farkonsa, sai ta kwasa da gudu.

Rediyo tana da ƙane ɗan shekara shida, ana ce masa Auta. Auta yana da lalurar galahanga. Wato yana ji, yana gani, yana fahimtar duniya ta hanyarsa daban. Ba ya magana sosai. Ƙara mai ƙarfi tana damunsa ƙwarai. Ba ya shan ruwa sai a shuɗin kofinsa.

Abin da ya fi so a duniya shi ne murfin tukunya. Yakan juya shi a kan siminti, murfin na sheƙi, shi kuma yana ƙyalƙyala dariya. Ga shi gwanin buɗe ƙofa. Ba sakatar da ta taɓa gagararsa.

Abbansu direban babbar mota ne. Sai ya yi sati biyu a hanya. Saboda haka kusan komai na Auta yana wuyan Umma.

Kowace Asabar da ƙarfe goma, Umma takan sa kayanta masu kyau. Takan rataya wata ƙatuwar jaka mai taushi, ta tafi taron iyaye a makarantar su Rediyo. Gwaggo, yayar Abba, mai kitso ce. Takan rufe shagonta na awa biyu, ta zo ta zauna da Auta.

Jakar nan ta daɗe tana tsone wa Rediyo ido.

"Umma, me kuke yi a taron nan?"

"Tattaunawa muke yi."

"Tattaunawar me?"

"Ta manya."

"To me ke cikin jakar?"

"Kayan taro. Matsa in wuce, kin tare min hanya."

Wata Asabar, bayan Umma ta fita, Gwaggo ta aiki Rediyo sayen sabulu a kantin bakin layi. Rediyo ta kai ƙofar kantin, ta tsaya, ta dubi hanyar makaranta. Ƙafafunta ba su yi shawara da ita ba.

Ƙaramar ƙofar makaranta a buɗe take. Tana shiga sai ta ji wata ƙara daga ajinsu.

"Kharrrr... fuuu. Kharrrr... fuuu."

Ta ɗauka tsohon babur ne ya ƙi tashi. Ta laɓaɓa, ta taka wani bulo a gindin taga, ta leƙa.

Tirƙashi!

An ture bencina gefe. An shimfiɗa tabarmi. Mutum takwas ne kwance, mata a gefe guda, maza biyu can kusa da ƙofa. A kan allo an rubuta da manyan baƙi: TARON IYAYE.

Ga Umma, kanta a kan matashi, bakinta a ɗan buɗe. Ashe kayan taron ke nan, matashin kai!

Mai ƙarar babur kuwa bakaniken unguwarsu ne. Ya kwanta rigingine, ya rufe fuska da hularsa. In ya ja numfashi hular ta lotsa, in ya saki ta ɗaga.

Amma abin da ya fi ɗaure wa Rediyo kai yana ƙarƙashin allo. Malamar ajinsu ce kwance, tabarau a kan ƙirji. Malamar da in ka yi gyangyaɗi a aji za ta sa ka tsaya a bayan ƙofa!

Rediyo ba ta ƙara ko daƙiƙa ɗaya ba. Ta dira daga bulon, ta zuba da gudu. Sabulu kuwa ko tunawa da shi ba ta yi ba.

"Gwaggo! Gwaggo! Barci suke yi!"

"Su wa? Ina sabulun?"

"Su Umma! Ba wani taro, wallahi barci ne. Da idona na gani. Har da matashin kai, har da minshari!"

Gwaggo ta ajiye cokalin da take ba Auta abinci da shi.

"Barci?"

"Barci, Gwaggo. Mai nauyi ma kuwa."

Da sha biyu ta yi, Umma ta shigo da sallama, fuskarta wasai. Sai dai shatin tabarma ya fito raɗau a gefen kumatunta.

"Sannu da taro," in ji Gwaggo. "An tattauna da kyau?"

"Lafiya lau, Yaya. Sannu da fama."

"Ai na ga alama. Har tattaunawar ta fito miki a kumatu."

Gwaggo ta miƙa hannu cikin jakar, ta zaro matashin, ta ɗaga shi sama.

"Wannan ne shugaban taron? Haba! Ni in bar mata uku da kai a tsefe suna jirana, ke kina can kina sharar barci? In barci ne, ni ma ina da gado. Daga yau kowa ya ji da Asabar ɗinsa."

"Yaya, ki tsaya ki ji..."

Ina! Gwaggo ta figi gyalenta ta fice.

Umma ta zauna a bakin kujera, matashin a cinyarta. Ta dubi Rediyo. Ba ta dake ta ba, ba ta yi mata faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗauko wa Auta kofinsa."

Rediyo kuwa a ranta gani take ta yi abin kirki. Ai gaskiya ta faɗa.

Asabar ta zagayo, Gwaggo ba ta zo ba. Wata Asabar ta sake zagayowa, shiru. Umma ba ta je taro ba. Daga nan abubuwa suka fara rikicewa a gidan.

Ran Talata Umma ta zuba gishiri a shayi. Ran Laraba aka yi ta neman wayarta, sai da Abba ya kira aka ji firji yana ringi. Ran Alhamis ta raka Rediyo bakin layi da takalmi ƙafa ɗaya nata, ƙafa ɗaya na Abba.

Rediyo ta yi ta dariya. Har ta ba ƙawayenta labari.

Ran Juma'a dariyar ta ƙare. Da aka fita cin abinci, Rediyo ta zauna a tsakiyar 'yan ajinsu, ta buɗe robar abincinta. Burodi ne yanka biyu, an haɗa su da kyau. Ta kai baki ta gartsa.

Abin ya ƙi tsinkewa. Ta ja, ya miƙe. Ta buɗe burodin ta duba. Soson wanke-wanke ne, kore shar, har da 'yar kumfa.

Aji ya kaure da dariya. Wani yaro har da faɗowa daga benci. Kafin a koma aji, 'yan aji ɗaya ma sun ji cewa Rediyo ta ci soso. Karon farko ke nan da labari ya zaga makaranta ba da bakinta ba. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da aka tashi, Malama ta ce ta tsaya.

"Sati biyu ban ga Ummanki a taro ba. Lafiya dai ko?"

Rediyo ta sunkuyar da kai tana murza gefen rigarta.

"Gwaggo ce ta daina zuwa."

"Me ya sa?"

"Na gaya mata abin da na gani."

"Me kika gani?"

"Na leƙo ta taga. Na ga kuna barci." Ta ƙara yin ƙasa da murya. "Har ke ma, Malama."

Malama ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta goge ido.

"Minti nawa kika yi a tagar?"

"Ban kai minti ɗaya ba."

"Taron awa biyu, kika ga minti ɗaya, kika tafi da labari. Zauna in ba ki sauran."

Rediyo ta zauna.

"Ni ma ina da 'ya kamar Auta," in ji Malama. "Duk wanda kika gani a tabarmar nan yana da yaro mai galahanga. Muna son yaranmu kamar ranmu. Amma da yawansu ba sa barci sosai, mu ma ba ma samu. Da muka fara taron, sai in tashi ina jawabi, in duba in ga kowa yana gyangyaɗi. Wata rana ni mai jawabin ma na farka na ga alli a hannuna, goshina a jikin allo."

Rediyo ta toshe baki kada dariya ta kuɓuce mata.

"Shi ne muka kafa doka. Minti arba'in na farko barci ne. In agogo ya kaɗa sai mu tashi, mu sha shayi, mu yi magana. Wannan ya faɗi abin da ya dame shi, wancan ya ba shi dabara. Bakanike ne ya koya mana irin sakatar da za mu sa a sama. Ummanki ce ta koya mana yadda ake yanke wa yaro farce ba kuka. Wani lokaci mu yi dariya, wani lokaci mu yi kuka. Sai kowa ya koma gida da sabon ƙarfi."



"Ga aikin gida," in ji Malama. Ta miƙa mata sabon littafin rubutu. "Gobe Asabar. Duk lokacin da Ummanki ta tashi daga zaune, ke ma ki tashi ki bi ta, sannan ki ja layi ɗaya a nan. Kada ki ba kowa labari sai kin ga ƙarshensa."

Rediyo ta ce a ranta, wannan ai wasa ne.

Washegari ta farka ƙarfe shida. Ta tarar Umma da Auta sun daɗe da tashi. Umma ta haɗa shayi, ta zauna, ta kai kofi bakinta.

Sai Auta ya fara neman shuɗin kofinsa. Umma ta ajiye shayin ta tashi. Rediyo ta ja layi ta bi ta. Suka duba kicin, suka duba banɗaki. Can suka same shi a cikin takalmin Abba.

Umma ta dawo ta zauna. Auta ya cire safarsa, don ɗinkin bakinta yana sukarsa. Umma ta tashi ta juya masa ita. Layi biyu.

Shayi ya huce. Umma ta tashi ta ɗumama. Layi uku.

Ta zauna ke nan sai maƙwabci ya kunna injin huda bango. Auta ya toshe kunnuwa ya fasa kuka. Umma ta ruga ta rufe tagogi. Ta naɗe shi a bargonsa mai nauyi, ta rungume shi tana yi masa waƙa a hankali har ya natsu.

Haka aka yi ta yi. Tashi, zauna. Tashi, zauna. Sau huɗu ana ɗumama shayin nan, ko kurɓa ɗaya Umma ba ta yi ba.

Kafin sha biyun rana, layukan Rediyo sun kai hamsin da bakwai. Ta gaji tiɓis. Ta ce bari ta ɗan kifa kai a kan littafin. Barci ya yi awon gaba da ita, fensir a baki.

Ƙarar murfin tukunya ce ta tashe ta. Amma ƙarar daga waje take zuwa.

Ta ɗaga kai. Umma na zaune ta jingina da bango, kofi a hannu, ido a rufe. Ga kujera a jikin ƙofa. Auta ya taka ta ya zare sakatar sama. Ƙofa a buɗe take wangamgam.

Rediyo ta zabura. Ta fita a guje ba takalmi. Murfin yana gangarawa zuwa titi, Auta na bin sa yana dariya, motoci kuma na wucewa.

Ta san in ta yi ihu zai firgita ya ƙara gudu. A karon farko a rayuwarta ta kama bakinta. Ta sha gabansa, ta cafke murfin daf da bakin titi. Ta juya shi a ƙasa ta wajen gida. Auta ya juyo ya bi murfin. Da haka ta lallaɓa shi har cikin gida, ta rufe ƙofa.

Umma ta fito a gigice. Ta rungume su duka biyu.

"Minti ɗaya fa na rufe ido," take ta faɗi. "Minti ɗaya kawai."

Rediyo ta fashe da kuka.

"Umma, ki yafe min. Ni na hana ki barcinki. Ni na kori Gwaggo."

Umma ta share mata hawaye da bakin zaninta.

"Na yafe miki. Ni ma da laifina. Da na gaya wa Gwaggonki gaskiya tun farko. Kunya na ji. Na ji tsoron a ce uwa ta bar ɗanta ta tafi barci."

"Umma, sau hamsin da bakwai fa kika tashi."

"Haka ne?" Umma ta yi 'yar dariya. "Ashe yau da sauƙi."

Ran Lahadi Rediyo ta ɗauki littafinta ta nufi shagon Gwaggo. Ta tarar da ita tana yi wa wata mata mai ƙiba kitso. An gama rabin kai, ɗaya rabin yana tsaye cirko-cirko.

"Ina kwana, Gwaggo."

"Lafiya. Yau kuma wa aka kama yana barci?"

"Ni ce, Gwaggo. Na zo da sauran labarin."

Ta tsaya a tsakiyar shago, ta buɗe littafi, ta gyara murya kamar mai karanta labarai. Ta faɗi na kofi a cikin takalmi. Ta faɗi na safa, da na injin maƙwabci, da na shayin da aka ɗumama sau huɗu. Ta faɗi abin da ake yi a taro bayan agogo ya kaɗa. Ta faɗi na ƙofa da titi. Ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe.

 Gwaggo ta tsaya da matsefi a sama.

"Hamsin da bakwai kika ce? Kafin sha biyu?"

"E, Gwaggo. Ga layukan, ki ƙirga."

Gwaggo ta zauna a hankali.

"Ni awa biyu kawai nake yi da shi," ta ce. "In na koma gida sai na jiƙa ƙafafuna a ruwan ɗumi. Ita kuwa kullum ne, safe da yamma. Kai, ban kyauta ba. Ke kika kawo rabin labari, ni kuma babba da ni na hau kai na zauna."

Mai rabin kitso ta ja majina, ta goge ido.

"Baiwar Allah," ta ce da Gwaggo, "in don kanmu ne, ai kai ba ya gudu. Ki riƙa zuwa. In ma kin ga dama mu biyo ki can."

"Ke dai tsaya da kanki wuri ɗaya in gama," in ji Gwaggo. Amma ita ma idonta ya yi ja.

Asabar ta zo. Tara da rabi aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Gwaggo ce, rungume da wani sabon matashi, ƙato kamar buhu. A bayanta ga matar nan mai ƙiba da wata ƙawarta, kowacce da kujerarta.

"Ungo," in ji Gwaggo, ta danna wa Umma matashin. "Wancan naki ya zama tabarma. Ki je ki yi taro da kyau. In bakanike ya dame ki da minshari, ki fi shi."

"Yaya..." in ji Umma, ta rungume matashin.

"Ni ce zan ba ki haƙuri. Wuce, kada ki makara."

Aka kafa shagon kitso a can ƙarshen tsakar gida. Mai ƙiba ta ajiye kujerarta a jikin ƙofar fita, ta zauna daram. Wannan sakatar kam Auta bai iya zare ta ba. Saboda kada su dame shi, duk hirarsu da raɗa suka yi ta. Masu kitso suna hira da raɗa! Wannan ma abin a ba da labari ne, amma Rediyo ta yi gum. Tana can tana juya wa Auta murfi.

Da sha biyu ta kusa, Rediyo ta shiga kicin. Ta haɗa shayi. Sai da ta ɗanɗana sukarin sau biyu ta tabbatar ba gishiri ba ne.

Umma ta dawo fuskarta wasai, da shatin sabon matashi a kumatu. Rediyo ta zaunar da ita, ta miƙa mata kofi yana tururi.

Auta ya nemi kofinsa, Gwaggo ta tashi. Ya cire safa, Rediyo ta tashi. Umma ta yunƙura, duk suka ce mata, "Zauna!"

Ta zauna. Ta kurɓa, ta lumshe ido, ta sake kurɓa, har ta ga gindin kofin.

Tun daga ranar Rediyo ta koyi abu biyu. Na farko, kada ka ba da labari sai ka ga ƙarshensa. Na biyu, mai kula da wani shi ma yana bukatar a kula da shi. Uwar da ta huta ba raguwa ba ce. In ka ga iyaye suna ɗawainiya da yaro mai lalura, kada ka tsaya kallo da surutu. Ka karɓe su ko na awa ɗaya ne.

Da yamma maƙwabciyarsu ta leƙo ta kan katanga.

"Rediyo, yau na ji ki shiru. Ba labari ne?"

"Akwai," in ji Rediyo. "Ummana ta shanye shayinta da zafinsa."

"Shi ke nan? Wannan ne labarin?"

Rediyo ta dubi kofin da ba komai a ciki, ta dubi Umma tana wa Auta dariya.

"A gidanmu," ta ce, "babu labarin da ya kai shi girma."